Daga Fumfuna Zuwa Allurar Sanƙarau: Asalin Wani Magani da Rabon Damagaram a Tarihinsa

Wannan sharhi ya shafi asalin magungunan da ke kashe ƙwayoyin cuta, da doguwar hanyar da suka biyo kafin su iso ɗakunan shan magani na ƙasar Damagaram, inda kowace shekara, tun daga tsakiyar hunturu har zuwa saukar ruwan fari, iyaye ke zaman ɗar-ɗar saboda sanƙarau. Allurar da ma'aikacin lafiya ke yi wa yaron da aka kawo da zazzaɓi da sanƙararren wuya a Magariya ko Matamaye ko Mirriya, wadda likitoci ke kira seftiriyakson, tushenta fumfuna ne, wato ɗan tsiron nan mai laushi, kore ko ruwan toka, da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko fatar da aka jibge a wuri mai laima. Yadda abin da kowa ke ƙyama ya zama tushen magani labari ne da ya ɗauki kusan shekara 70 ana faɗi-tashi, kuma mafi yawan waɗannan shekaru sun tafi ne wajen warware matsala guda, wato samun abin da zai kashe ƙwayar cuta ba tare da ya cuci jikin da take ciki ba.

Kafin a san da ƙwayoyin cuta, masu magani a ko'ina cikin duniya sun san cewa rauni kan yi ruwa, ya tara mugunya, ya yi wari, har mai shi ya rasa gaɓa ko rai, kuma kowace al'umma ta nemi dabarar tare wannan ɓarna. A Damagaram ta zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin Zinder da ganuwa, ya kuma tara bindigogi da igwa kafin rasuwarsa a 1884, raunin yaƙi da faɗuwa daga doki ba baƙon abu ba ne, kuma wanzamai da maɗora su ne ke ɗawainiya da shi. Ana ƙona bakin miki da ƙarfe mai zafi, ana yi wa maruru sakiya, ana shafa zuma, ana barbaɗa garin bagaruwa, wadda majema suka daɗe da sanin tana hana fata ruɓewa. Binciken zamani ya nuna cewa waɗannan dabaru ba shaci-faɗi ba ne, domin zuma tana janye ruwan da ƙwayar cuta ke buƙata don ta rayu, bagaruwa kuma tana ɗauke da sinadari mai ɗaure nama da busar da shi. Abin da masu magani na wancan zamani suka rasa, a Damagaram da Turai baki ɗaya, shi ne sanin musabbabin ruɓewar, da hanyar auna wace dabara ta fi wata.

A daidai shekarun mulkin Tanimun ne wannan sani ya fara bayyana. Tun a 1847 likita Ignaz Semmelweis ya tilasta wa ɗaliban likitanci a birnin Biyana wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mata masu haihuwa, mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai, amma abokan aikinsa suka yi watsi da shi saboda ya kasa bayyana dalili. Dalilin ya fito ne daga aikin Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa tsami da ruɓewa aikin wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Da wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, Joseph Lister, ya karanta wannan bayani, sai ya yi tunanin cewa in halittu ne ke ruɓar da rauni, to ana iya kashe su tun a bakin ƙofa. A watan Agustan 1865 ya lulluɓe karayar wani yaro ɗan shekara 11, wadda ƙashi ya fasa fata, da ƙyallen da aka jiƙa da kabolik, wani sinadari da ake samu daga kwaltar gawayin ƙasa, kuma ƙafar ta warke ba tare da mugunya ba. Alƙaluman da ya fitar daga baya sun nuna cewa kafin wannan dabara mutum 16 cikin 35 da ya yanke wa gaɓa sun mutu, bayanta kuwa 6 ne cikin 40. Wannan shi ne mafarin magungunan wanke rauni, waɗanda ake shafawa a fata da miki da kayan aiki domin kashe ƙwayoyin cuta daga waje.

Sai dai kabolik da 'yan uwansa ba su bambance tsakanin ƙwayar cuta da naman mutum, suna ƙona duk abin da suka taɓa, shi ya sa hannuwan likitocin da ke aiki da shi suka riƙa tsagewa, kuma ba a iya shansa ko zuba shi cikin jini. Girman wannan naƙasu ya fito fili a Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ɓaraguzan bam suka riƙa cusa ƙasar gona da tsummokaran tufafi cikin naman sojoji. A 1915 masanin sinadarai Henry Dakin da likita Alexis Carrel suka haɗa wani ruwan kulorin mai sauƙin ƙarfi, ɗan uwan ruwan jabel na wanki, suka riƙa kwarara shi cikin rauni ta ƙananan bututai, kuma wannan ruwa ne har gobe ake sayarwa da sunan Dakin a kantunan magani na Zinder. A wani ɗakin bincike na soja a garin Boulogne kuwa, wani likita ɗan Sikotilan mai suna Alexander Fleming ya narka bututun gilashi, ya yi masa ƙahonni da lunguna irin na rauni mai zurfi, ya cika shi da ƙwayoyin cuta, ya wanke shi da magungunan da ake alfahari da su, amma washegari ƙwayoyin da suka maƙale a lungunan suka sake cika shi. Ya kuma nuna cewa waɗannan sinadarai sun fi saurin hallaka fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da jiki ke kare kansa da su, a kan ƙwayoyin cutar da ake so a kashe. Cutar da ta riga ta shiga jiki ta zama ƙadangaren bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a ƙyale shi ya ɓata ruwa.

Abin lura shi ne, alamar mafita ta daɗe tana gaban masu bincike, domin fumfuna na yawan faɗa wa kwalaben da suke renon ƙwayoyin cuta a ciki. A 1871 John Burdon Sanderson ya rubuta cewa ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a ruwan da fumfuna ta rufe, Lister ma ya ga haka a wannan lokaci, sannan William Roberts a 1874 da John Tyndall a shekarun da suka biyo baya suka tabbatar da wannan gaba tsakanin halittun biyu. A Italiya an ƙara taku ɗaya, inda Bartolomeo Gosio ya tace wani sinadari daga fumfunar lalatacciyar masara a shekarun 1890, ya ga yana hana ƙwayar cutar saifa ta dabbobi girma, yayin da Vincenzo Tiberio, wanda ya lura cewa mutanen gidan da yake zaune kusa da birnin Napoli sukan kamu da ciwon ciki duk lokacin da aka kankare fumfunar bangon rijiyarsu, ya gwada ruwan fumfunar a kan dabbobi ya buga sakamakon a 1895. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ya kai ga magani.

Wanda labarinsa ya fi kusa da tarihin Damagaram shi ne Ernest Duchesne, ɗalibi a makarantar likitocin soja ta Faransa da ke birnin Liyon. A watan Disamban 1897, yana ɗan shekara 23, ya gabatar da kundin kammala karatunsa a kan gabar da ke tsakanin fumfuna da ƙwayoyin cuta, inda ya bayyana cewa ya yi wa ɓerayen Masar allurar ƙwayoyin taifod masu yawan da ya isa ya kashe su, waɗanda ya haɗa musu da ruwan fumfuna suka rayu, waɗanda bai haɗa wa ba suka mutu. Dabbobin da ya gwada kaɗan ne, kuma masana na baya suna ganin sinadarin da ya yi aiki a hannunsa ba fenisilin ba ne, tun da fenisilin ba ta da ƙarfi a kan taifod, amma duk da haka ya faɗi a sarari cewa wannan hanya tana iya kai wa ga magani in aka bi ta. Wata biyar bayan haka, a Mayun 1898, aka kashe Kyaftin Cazemajou na sojojin Faransa a Zinder, sannan a Yulin 1899 sojojin Faransa suka ci dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini suka shiga birnin. Rundunar da ta zo da iƙirarin kawo wayewa tana da wannan bincike a cikin takardunta, amma ba ta waiwaye shi ba, likitocinta suka ci gaba da dogaro da kwinin da aidin da ruwan wanke rauni, shi kuwa Duchesne ya shiga aikin bariki, ya mutu da ciwon ƙirji a 1912, kuma sai a 1949 majalisar likitocin Faransa ta tuna da shi ta karrama shi.

Ba sakaci kaɗai ne ya jawo wannan jinkiri ba. Fumfuna tana fitar da sinadarinta ɗan mitsitsi ne cikin ruwa mai yawa, sinadarin yana lalacewa da zafi ko tsami, kuma nau'o'in fumfuna suna da yawa, wani ya fitar, wani mai kama da shi ya ƙi, ta yadda mai bincike na biyu kan kasa maimaita abin da na farko ya gani. Saboda haka hankalin masana ya karkata ga sinadaran masana'anta, musamman na rini, bayan Paul Ehrlich na Jamus ya lura cewa wasu rinai suna kama ƙwayar cuta su bar naman da ke kewaye da ita. Daga wannan tunani ne shi da Sahachiro Hata na Japan suka fitar da maganin tunjere a 1910, sannan Gerhard Domagk ya bayyana wani jan rini mai suna Prontosil a 1935, wanda masana a Cibiyar Pasteur ta Paris suka gano a wannan shekara cewa wani ɓangarensa marar launi ne ke yin aikin. Wannan ɓangare shi ne uban magungunan salfa, kuma su ne suka fara karya lagon sanƙarau a ƙasashen Sahel.

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma nau'insa mai zuwa da annoba wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda aka gano a Biyana a 1887, tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cuce su ba, sai ƙura da bushewar iska sun raunana hanci da maƙogwaro ta samu hanyar shiga jini. An rubuta babbar annobarsa a arewacin Najeriya tun 1905, kuma ya riƙa dawowa bayan 'yan shekaru a duk tsawon lokacin da Zinder take hedikwatar mulkin mallaka, daga 1911 zuwa 1926, da ma bayan nan. In ba magani, yakan kashe rabin waɗanda ya kama ko fiye, kuma babu ruwan wanke rauni da zai iya isa inda yake. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie, wanda a 1963 ya zana iyakar yankin da cutar ta fi addaba, wato ƙasashen da ruwan samansu ke tsakanin milimita 300 da 1,100 a shekara, ya fahimci cewa a ƙauyen da ma'aikaci ɗaya ke fuskantar ɗaruruwan majinyata, maganin da ya dace shi ne wanda za a yi sau ɗaya a sallami mutum, don haka ya yaɗa amfani da allurar salfa mai daɗewa a jiki.

A ɗaya gefen kuma, fumfuna ta sake dawowa ta hannun Fleming, wanda a Satumban 1928, a asibitin Saint Mary na Landan, ya tarar da ita ta faɗa cikin wani farantin renon ƙwayoyin cuta, kuma duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun narke. Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne shekarun da ya yi yana auna illar magunguna a kan fararen ƙwayoyin jini, domin nan take ya yi wa ruwan fumfunar wannan gwaji, ya ga yana kashe ƙwayar cuta ya bar na jini lafiya. Ya raɗa masa suna fenisilin, ya buga bayaninsa a 1929, ya adana irin fumfunar yana rarraba wa masu so, amma shi ma tacewa ta gagare shi. Sai da Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley na Jami'ar Oksfod suka ɗauki aikin aka samu garin da za a iya aunawa. Ranar 25 ga Mayun 1940 suka yi wa ɓeraye 8 allurar ƙwayoyin cuta masu kisa, suka ba 4 fenisilin, kuma kafin gari ya waye huɗun da ba a ba su ba sun mutu, waɗanda aka ba suna raye. A Fabrairun 1941 aka gwada ta a kan wani ɗan sanda da cuta ta ci masa fuska, ya fara farfaɗowa, har aka riƙa tace maganin daga fitsarinsa ana mayar masa saboda ƙarancinsa, amma maganin ya ƙare kafin ya warke, ya rasu a watan Maris. An warware matsalar yawa a Amurka, inda aka ciyar da fumfunar da ruwan jiƙon masara cikin manyan tankuna, aka kuma samu wani nau'i mai yawan yabanya a jikin ruɓaɓɓen ɗan itace dangin kankana daga kasuwar garin Peoria.

Sirrin fenisilin, wanda aka fahimta daga baya, shi ne cewa ƙwayar cuta tana da bango mai tauri da take ginawa a duk lokacin da za ta rabu biyu, fenisilin kuma tana hana ɗaure tubalan wannan bango, sai ƙwayar ta kumbura ta fashe, alhali ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango ko kaɗan. A nan ya wajaba a ja hankalin mai karatu cewa wannan bayani ba ya nufin abinci mai fumfuna magani ne, domin fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba tana fitar da guba mai lalata hanta, wadda aka gano a farkon shekarun 1960, kuma wannan gargaɗi ya shafi ƙasar noman gyaɗa irin Damagaram kai tsaye.

Fenisilin tana kashe ƙwayar sanƙarau, amma ƙoda tana fitar da ita da sauri, sai an maimaita allura bayan kowace awa 4 zuwa 6 na kwanaki, abin da ba zai yiwu a ƙaramin ɗakin shan magani lokacin annoba ba. Da ƙwayar ta fara bijire wa salfa wajen ƙarshen shekarun 1960, sai aka shiga neman madadi ruwa a jallo. A Zariya, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada allura ɗaya ta fenisilin mai daɗewa da kuma ta kuloramfenikol da aka kwaɓa da mai, suka buga sakamakon a 1979, kuma wannan ta biyun, wadda asalinta daga wata ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa, ita ce ta zama madogara a Sahel har tsawon shekaru, duk da cewa allura ce mai kauri da zafi, ba a kuma yi wa masu ciki da jarirai. Magajiyarta ta fito ne daga wata fumfunar dabam, wadda Giuseppe Brotzu ya tsamo a 1945 daga bakin teku, inda magudanar ƙazantar birnin Kaliyari na tsibirin Sardiniya ke zuba, bayan ya yi mamakin yadda ruwan wurin ke tsabtace kansa. Da ya rasa tallafi a ƙasarsa sai aka aika da irin zuwa Oksfod a 1948, inda Edward Abraham da Guy Newton suka tace sinadarin da ya zama tushen wani babban dangin magunguna, kuma daga wannan dangi seftiriyakson ta fito a farkon shekarun 1980, tana da falalar daɗewa a jini da ratsawa zuwa ruwan laka.

A nan ne ƙasar Damagaram ta shiga tarihin a matsayin wurin da aka samar da hujja. A watannin Maris da Afrilun 2003, ana tsakiyar annobar da ta shafi Magariya da Matamaye da maƙwabtansu, ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF da cibiyar bincikenta ta Epicentre, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, suka kwatanta magungunan biyu a wuraren jinya 9, saboda samun kuloramfenikol mai mai ya fara tangal-tangal, farashin seftiriyakson kuma ya sauko. An yi wa majinyata 247 seftiriyakson, 256 kuma tsohuwar allurar, ta hanyar ƙuri'a domin kada son ran likita ya shiga zaɓi, kuma bayan awa 72 waɗanda maganin bai yi musu aiki ba kashi 9 cikin ɗari ne a kowane ɓangare. Mujallar Lancet ta buga wannan sakamako a 2005, kuma a kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara wajen amincewa da seftiriyakson a lokacin annoba. Tsarin wannan gwaji shi ne na ɓerayen Oksfod da na Duchesne, wato rukuni biyu da ƙidaya, sai dai a wannan karo iyalan talakawan kudancin Nijar ne suka ba da 'ya'yansu da amanarsu, kuma bai kamata a riƙa ba da tarihin maganin ana tsallake su ba.

Rigakafin da aka fara a ƙarshen 2010 ya kusan kawar da nau'in ƙwayar da ya haddasa annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 250,000 ta kashe kimanin 25,000 a faɗin ƙasashen Sahel, amma wasu nau'o'in sun maye gurbinsa, shi ya sa aka koma yin seftiriyakson na kwana 5 maimakon sau ɗaya. Tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023 an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, mafi yawansu a gundumar Dungas, 18 suka rasu, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da kakanni suka saba gani. Abin damuwa shi ne salfa ba ta yi shekara 40 tana aiki a kan sanƙarau ba, kuma Fleming da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta jure masa. A yau ana tallar kafso a faranti cikin rana a tasha da kasuwannin ƙauye, mutum ya sayi biyu ko uku gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya haɗiya saboda mura ko gajiya, wasu ma su ɓare shi su zazzaga garin a kan gyambo, alhali wanke gyambon da sabulu da tafasasshen ruwa da ruwan Dakin ya fi masa amfani. Ba a gane ƙwayar cuta ta fara bijirewa sai an ɗebi ruwan laka ko jini an rena ta a ɗakin gwaji, an ɗora mata magunguna ɗaya bayan ɗaya an ga wanda ya hana ta girma, kuma babban ɗakin da ke tantance samfuran sanƙarau na ƙasa, wato cibiyar CERMES, yana Yamai ne, kusan kilomita 900 daga Zinder. Jihar da cutar ke yawan farawa daga cikinta ta cancanci a ƙarfafa ɗakin gwajin babban asibitinta da kayan aiki da ƙwararru da wutar da ba ta yankewa, ta yadda samfurin da aka ɗauka a Dungas da safe zai kasance a kan farantin reno kafin dare.